Watan da Bakina Ya Ja wa Iya Tasalla

Wautar farko da na tafka a wannan wata ita ce na shanye ma'auni. Ni da abokina Ishaya mun cika kofunan silba biyu da ruwa har baki, kowa ya ɗora nasa a tafin hannu, aka kunna fim, da sharaɗin cewa iyakar ruwan da ya zube daga kofin mutum shi ne iyakar tsoron da ya ji. To da abin nan ya fara rarrafowa daga cikin rijiya, maƙogwarona ya bushe ƙamas, ban san lokacin da na kafa kai na zuƙe kofin tas ba. Da fim ya ƙare Ishaya ya yaye bargon da muka toshe taga da shi, ya leƙa kofina, ya ga ko ɗigo babu.

"Sabi'u, ashe haka kake? Kofi guda cur!"

"Wallahi shanyewa na yi."

"Ina shaida?"

"Tana cikina."

"To a can za ta zauna. Na rubuta."

Ya rubuta kuwa, a bayan littafin lissafinsa, kuma har yau idan ya zo gaishe ni da Sallah sai ya ba ku wannan labarin kuna ta ƙyalƙyata dariya. Ban hana ku ba. Amma Baffanku Ishaya a nan yake tsayawa kullum, saboda yana jin nauyina. Ni zan ƙarasa muku, don kun kai shekarun da nake a lokacin, kuma biyu daga cikinku sun gado bakina.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, ina da shekara goma sha biyar. Bangon kowane gida a Gyadi-Gyadi cike yake da hotunan 'yan takara, ruwan damina ya wanke musu fuska har ba ka gane wanda ya ci da wanda ya faɗi. Babanmu, kakanku, kafinta ne a bakin titin Zariya, yakan ce tun da soja ya tafi kowa ya je ya ɗauko bakinsa inda ya ajiye shi. Ni dama ban taɓa ajiye nawa ba. Idan na ga ɓera a kicin, kafin in kai labarin soro ya zama gafiya, kafin in isa masallaci ya zama ɗan akuya mai gemu. Kowa ya san ni da haka, kuma ana so, don duk inda na zauna sai an yi dariya. Umma ce kaɗai take cewa wata rana bakin nan zai kai ni inda ƙafa ba za ta iya dawo da ni ba.

Su Ishaya suna haya a gidan da ke jikin namu. Mutanen Kudancin Kaduna ne. Babansa Malam Dauda malamin sakandare ne a Tarauni, mamarsa kuma nas ce. A falonsu akwai bidiyo, an lulluɓe shi da farin leshi kamar amarya, ba a taɓa shi sai ranar Lahadi bayan an dawo daga coci. Wata rana Ishaya ya zo mini da wata tsohuwar mujalla da ɗan kawunsa ya kawo masa daga Jos, ya nuna mini cewa a ƙarshen watan Oktoba Turawa suna wani biki mai suna Halowin. Sai su fafe kabewa su yi mata ido da haƙora, su yi shigar fatalwa, wasu kuma su kwashe watan gaba ɗaya suna kallon fina-finan ban tsoro suna ba su maki. Na tambaye shi ko abin cocinsu ne. Ya ce ya tambayi babansa, ya ce masa babu ruwan coci, shiriritar waɗanda suka ƙoshi ce. Muka duba muka ga batun kabewa ba zai yiwu ba, don duk wanda ya fafe wa Umma kabewar miyan taushe ya yi mata haƙora, nasa haƙoran zai tsinta a ƙasa. Saura fim. Muka yi alkawari, tun daga farkon wata har ƙarshensa, kullum ɗaya, ba fashi sai ranar da masu wutar lantarki suka hana.

Ana tashi daga makaranta muke biyawa shagon hayar kaset da kuɗin tararmu, mu faɗa falon su Ishaya kafin iyayensa su dawo da la'asar. Rana tsaka ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwano, sai mu rataya bargo a taga mu ƙirƙiro duhu, mu zauna muna gumi muna jiran tsoro. Kofin ruwan nan kuwa dabarar Ishaya ce, don ya san ni ba zan taɓa cewa na ji tsoro da bakina ba. Na Turawa ba su cika wuce rubu'in kofi ba. Mutum ya ji motsi a bayan gida, maimakon ya kurma ihu unguwa ta fito, sai ya ɗauki tocila ya tafi shi kaɗai yana tambayar wa ke nan. Haushi muke ji, ba tsoro ba. Na Indiya kuwa fatalwar tana cikin bin mutum sai ta tsaya ta rera waƙa a bakin kogi, har ruwan kofinka ya huce ka manta da shi. Waɗanda suke jiƙa mana wando su ne na Kudu, saboda bokitinsu irin namu ne, tabarmarsu irin tamu, kajinsu ma kamar ka san masu su.

Ana saura kwana goma sha wani abu wata ya ƙare muka samu wanda ya fi su duka. Wata tsohuwa ce mai sayar da abinci a bakin hanya. Idan yaro ya zo saye da safe, inuwarsa ta faɗa kusa da ita, sai ta ɗauki kwano a hankali ta kife inuwar. Yaro ya koma gida babu inuwa, ya kwanta, yana ta rama har sai an rasa shi. Ranar kofuna biyun duk a ƙasa muka tsince su, kuma ba wanda ya sha komai.

Da yamma na zauna a dakalin ƙofar gidanmu, yaran layi suka kewaye ni kamar kullum, na fara ba su labarin. Na yi muryar tsohuwar, na yi tafiyarta, amma na ga ba su razana ba. Wani ma rake yake sha. Ƙanwata Ummi, gwaggonku, tana da shekara shida, tana jingine da gwiwata tana hamma. Abin ya ƙona mini rai. Sai na rage murya na ce:

"Ku kuna zaton a nesa aka yi? Wa kuka sani mai sayar da abinci da safe, mai farin ido ɗaya?"

 Mai rake ya daina tauna.

Iya Tasalla ce mai waina a bakin lungunmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, ɗaki ɗaya take haya, kuma tandar wainar nan ita ce gonarta. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya. Tana da faɗa, ta taɓa ƙwala mini cokalin juya waina a bayan hannu ranar da na miƙa shi inda ba a aike shi ba. Ba don wannan na ambace ta ba, kada in yi mata ƙarya ta biyu. Ita ce kawai ta zo mini a baki, kuma na ga ta dace da labarin. Na ƙara musu da shawara cewa duk wanda aka aika sayen waina ya kula da inda inuwarsa take faɗawa.

Washegari na tsaya daga nesa ina kallo. Yara sun yi layi a karkace, kowa yana jan inuwarsa gefe kamar mai jan tunkiya, wani ya tsuguna don tasa ta gajarce, wani ya miƙo kwano daga bayan katanga. Iya tana ta masifa tana cewa yau kuma wace sabuwar hauka ce ta shigo gari. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ba Ishaya labari, shi bai yi dariya sosai ba, ya ce in je in gaya musu wasa ne. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Kafin mako ya zagayo yara sun fara ƙin zuwa aike, iyaye mata sun tambayi dalili, an gaya musu. Ranar da na san abin ya fi ƙarfina ita ce ranar da na ji wata mata a bakin famfo tana ba wata labarina, har da ƙarin da ban sa ba, wai dama saboda haka aka koro Iya daga tsohuwar unguwarsu. Kunya ce in faɗa, amma abin da na fara ji shi ne kishi, don ƙarin nata ya fi nawa daɗi.

Sai Ummi ta kwanta. Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana bi gida gida, amma nata ya zo da zafi, jikinta kamar garwashi. Rana ta biyu da hantsi ta fara sambatu, idonta a rufe.

"Umma, Iya ta kife inuwata da kwano. Ku ce ta buɗe. Ku ce ta buɗe mini."

Umma ta ɗora hannu a ka. Kafin azahar ƙanwar Baba, Gwaggo Ladi, ta iso daga Unguwar Gano, mayafinta a kafaɗa, tun daga soro ake jin muryarta.

"Yarinya ta kama suna da bakinta, me kuma ake jira? A fito da matar nan ta tsallaka ta!"

Ku ba ku san wannan al'ada ba, kuma ina roƙon Allah kada ku gan ta. Idan aka zargi mutum da maita, sai a shimfiɗe marar lafiya a ƙasa a gaban jama'a, a ce wanda ake zargi ya tsallaka shi, wai ta haka zai saki kurwar da ya kama. In ya tsallaka ya amsa laifi ke nan, sunan ya bi shi har kabari. In ya ƙi, an ce ga shaida, don me zai ƙi. Babu ƙofar fita. Maman Ishaya ta shigo da kayan aikinta a jiki ta taɓa goshin Ummi, ta ce a kai ta a gwada jini yanzu. Gwaggo ta ce mata an gode, amma wannan ba ciwon asibiti ba ne. Baba ya ce shi ba zai ja tsohuwa a titi ba, a kai maganar gaban mai unguwa. Mai unguwa ya sa lokaci, gobe bayan la'asar, a soronsa.

Da safen ranar na bi ta bakin lungu. Iya tana zaune gaban tanda, waina ta taru a kwano ta huce, babu kowa sai ƙudaje. An jefi rufin kwanon ɗakinta da duwatsu, ga su nan a kai. Na so in wuce da sauri sai ta kira ni.

"Kai, Sabi'u, ɗan banza mai dogon hannu, zo nan. Na ji Ummi ba lafiya. Ungo, kai mata, ta fi son mai ɓawon nan."

Ta naɗe guda huɗu a takarda ta miƙo mini. Ashe ba wanda ya gaya mata abin da ake shirya mata da yamma. Na karɓa. Ba zan iya kai su gida ba, ba zan iya zubarwa ba. Na zagaya bayan masallaci na cinye su a tsaye, kuma a wurin na yanke cewa ko za a yanka ni, matar nan ba za ta tsallaka kowa ba.

Na yi zaton abu ne mai sauƙi. Na shiga gida na durƙusa gaban Umma na ce ni na ƙirƙiri labarin, a fim na gani. Ko kallona ba ta yi ba, tana matse tsumma tana ɗora wa Ummi a goshi.

"Sabi'u, yau ba ranar shirmenka ba ce."

"Umma, wallahi tallahi ƙarya na yi."

"Kullum ma ai ƙarya kake yi. Ta yau ce zan yarda da ita?"

Gwaggo ta tafa hannu ta ce a ji fa, Iya ta kama bakin wannan ma. Nan na gane ramin da na haƙa wa kaina. Maƙaryaci ko ya zo ya ce ƙarya ya yi, sai ya kawo shaida. Shaidata kuwa ɗaya ce a duniya, kaset ɗin nan, da injin da zai nuna shi, wanda yake ƙarƙashin farin leshi a falon Malam Dauda.

Ban je makaranta ba, na tare Ishaya a hanya na gaya masa. Fuskarsa ta yi toka.

"Ka san babana zai kashe ni?"

"Nawa zai riga shi. Sai mu haɗu a can."

"Ba wasa nake ba, Sabi'u. Mu haya muke. In aka ce a gidanmu ake nuna wa yaran unguwa mayu fa?"

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na ce to zan ce a wani wuri na gani, in nemi bidiyo ko'ina ne. Ya tsaya yana haƙa ƙasa da takalmi, can ya ce in daina ƙara ƙarya a kan ƙarya, mu je wurin mamarsa, ranar tana hutu. Maman Ishaya ta saurare mu har ƙarshe, ta kama kunnena da hannun dama, na ɗanta da na hagu, ta murɗa har na ga taurari da rana tsaka.

"Wata guda kuna cire mini leshi kuna mayarwa? To na ji. Ku ɗauko kaset ɗin. Babanku ni zan ji da shi. Amma yarinyar can in ta kai dare ba a kai ta asibiti ba, ni da kaina zan sabe ta."

Na ruga shagon haya, mai shago ya ce wani direba ya karɓa ya tafi da shi Hotoro. Na ɗauki keken Baba ba da izini ba, na ce laifi ɗaya ne a kan tara. Na taka har Hotoro cikin ranar nan, na yi ta tambayar gidan direba mai jar mota, aka nuna mini gida uku kafin na dace. Matarsa ta ce ba ta ba da kayan mijinta ga yaron da ba ta sani ba. Na zauna a ƙofar gidan na ce to nan zan tare, a sa da ni a tuwon dare. Na yi mata magiya, na yi mata kuka na gaske, wanda ban san ina da shi ba, har ta gaji ta jefo mini shi ta saman ƙofa. Na dawo ana kiran la'asar, na tarar an ɗauke wuta. Na faɗa shagon mai askin layinmu na roƙi ƙaramin janaretansa. Ya ce me zai samu. Na ce zan share masa gashi har ƙarshen shekara. Ya ce har Babbar Sallah. Na ce na yarda.

Haka muka isa soron mai unguwa, ni da talabijin a ka, Ishaya rungume da bidiyo, mai aski yana biye da janareta don bai yarda da mu ba. Soron ya cika. Ga mai unguwa, ga liman, ga Baba ya sunkuyar da kai, Gwaggo da wasu mata daga bakin ƙofar ciki. An kwantar da Ummi a tabarma. Iya Tasalla tana tsugune a gefe ita kaɗai, ta yafa tsohon zane, an riga an gaya mata. Ba ta kuka. 

"Kai kuma lafiya?" in ji mai unguwa. "Nan ka ga gidan kallo?"

"Ranka ya daɗe, shaida na kawo. Abin da Ummi take faɗa ni na sa mata a kai, ni kuma a cikin nan na ɗauko. In an kalla aka ga ba haka ba ne, a yi mini duk abin da aka ga dama."

Gwaggo ta ce a kore ni. Liman ya ce shi dama tun jiya yake faɗa cewa zato zunubi ne, kuma tunda yaro ya ce yana da shaida, a gani. Aka ja waya, janareta ya yi tari sau uku ya kama.

Ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Dattawan da ba su taɓa zama gaban fim ba suka miƙa wuya. Da tsohuwar fim ta juyo da farin idonta, carbin mai unguwa ya faɗi ƙasa. Liman yana ta a'uziyya amma bai kau da kai ba. Gwaggo Ladi, wadda ta zo kama mayya, ta ƙwalla ƙara ta ɓuya bayan wata mata. Da a ce an ba su kofuna, da soron ya zama kududdufi. Sai aka zo wurin. Yaro ya miƙa kuɗi, inuwarsa ta kwanta a ƙasa, tsohuwa ta ɗauki kwano ta kife. Aka nuno shi a kwance yana magana da Turancin Kudu. Mai unguwa ya ce me yake cewa. Ishaya ya haɗiye yawu ya fassara.

"Cewa yake, ta kife inuwata da kwano, ku ce ta buɗe."

Mai aski ya kashe janareta ba tare da an ce masa ba.  Na faɗi sauran da bakina, dakali, da yara, da yadda na ambaci suna, da yadda na tsaya ina dariya washegari. Iya Tasalla ta ɗago ta dubi baƙin gilashin talabijin, ta dube ni.

"Wannan ce ni?"

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Me na yi maka, ɗan nan? Cokalin nan ne?"

"A'a, Iya."

"To don me?"

"Don a yi dariya."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"An yi?"

"An yi, Iya."

 Ta dafa bango ta miƙe, ta zagaye tabarmar Ummi ta can nesa, ta fita. Mai unguwa ya ce babu wanda zai tsallaka kowa a unguwarsa, a ɗauki yarinya a kai ta asibiti yanzu. Maman Ishaya dama tana bakin ƙofa da mai tasi. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Kwana huɗu aka sallamo ta tana neman ƙosai.

Na shirya wa duka, har wando biyu na sa. Baba bai taɓa ni ba. Ya kira ni shagonsa yana goge katako, bai dube ni ba ya ce:

"Ka zuba a gida nawa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To je ka kwashe."

Na kwasa iyakar ƙarfina. Na bi layinmu da na bayansa da na gaba, gida gida, in yi sallama in ce ni ne Sabi'u ɗan kafinta, abin da kuka ji a kan Iya Tasalla ni na ƙirƙira. Wasu su zage ni, wasu su yi dariya, wasu su ce to Allah ya kyauta su rufe ƙofa, ka ga a idonsu ba su saki labarin farko ba. Kullum da safe ni ne farkon zuwa gaban tanda, in gyara tsayuwa yadda inuwata za ta kwanta a kan kwanonta sosai kowa ya gani, in saya in ci a wurin. Takan zuba mini ta karɓi kuɗi ta ci gaba da juya wainarta. Malam Dauda ya zane Ishaya, ya mayar da bidiyo cikin kwalinsa ya ɗora a saman kabad, sauran kwanakin watan ba mu cika alkawarinmu ba. A unguwa aka laƙaba mini Sabi'u Kaset. A gida kuwa na fi shekara biyu in na ce ana ruwa sai Baba ya aiki wani ya leƙa waje. Wannan ya fi mini bulala ciwo, kuma ban taɓa cewa an zalunce ni ba.

Ina so in ce muku komai ya koma daidai, da a da ne ma haka zan ce, har in ƙara da cewa layin masu sayen waina ya kai titin Zariya. Ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ga fim a soro ba su fi cikin soro ba, waɗanda suka ji labarina kuwa sun cika unguwa. Wasu sun dawo saye, da yawa ba su dawo ba, kuma akwai matan da in sun hango ta sai su ja 'ya'yansu gefen inuwar katanga. Ana gab da azumi ɗan wanta ya zo da a-kori-kura ya kwashe kayanta zuwa gidansa a Darmanawa. Na bi ta can bayan Sallah, na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe, ta tambayi jikin Ummi, ta ce in gai da Umma.

Ba ta sake ɗora tanda a wuta ba har ta rasu, shekara uku bayan nan.